Shaidar Da Ba A Rantsarwa: Zanen Yatsa A Gaban Alƙali

Tun zamanin da mutane suka fara kai ƙara gaban mahukunta, babu abin da ya fi ɗaure wa alƙali kai irin laifin da aka aikata a ɓoye, cikin duhun dare ko bayan rufaffiyar ƙofa, inda babu idon da ya gani balle bakin da zai faɗa, alhali kuwa shari'a, ta Musulunci ce ko ta Nasara, ba ta yanke hukunci da zato sai da hujja. Malaman fiƙihu sun jera hanyoyin da gaskiya ke tabbata da su a majalisar hukunci, suka ambaci iƙirarin mai laifi, da shaidar adilai, da rantsuwa. Amma tun da wuri suka lura da cewa akwai wata aba wadda ba ta da harshe, ba a kuma iya rantsar da ita, ga shi kuwa sau da yawa takan tona abin da masu harshe suka binne. Ita ce suke kira ƙarina, wato alamar da abin da ya faru yakan bari a bayansa. Babban dalilinsu shi ne ƙissar Annabi Yusufu, Alaihis Salamu, wanda yagewar rigarsa ta baya ta wanke shi daga ƙazafi. Ibnu Farhun, alƙalin Madina Bamalike wanda ya rasu a 1397, ya buɗe wa ƙarina babi a cikin Tabsiratul Hukkam, Ibnul Ƙayyim kuwa a littafinsa Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya ya tafi a kan cewa bayyina suna ne na duk abin da ya bayyana gaskiya, ba shaidu biyu kaɗai ba. Larabawa kuma suna da ilmin ƙiyafa, wanda Banu Mudlij suka shahara da shi, na gane dangantaka da sawun mutum ta hanyar duban ƙafa, kamar yadda a ƙauyukanmu ake da masu bin sawu, waɗanda kan tashi da sassafe kafin dabbobi su tattake hanya, su raka sawun ɓarawo har ƙofar gidan da ya shiga.

A cikin dukkan alamomin da ɗan Adam ke bari, babu wadda ta kai matsayin da zanen yatsa ya kai a kotunan duniya, kuma labarin yadda ya kai can bai kai shekara ɗari biyu ba.

Duk wanda ya kusanto da kan yatsansa ga haske zai ga fatar ba sumul take ba, 'yan siraran tuddai ne da kwaruruka a jere, kuma a bisa kowane tudu akwai ƙananan ƙofofin da gumi ke tsattsafowa. Waɗannan layuka suna fara fitowa tun ɗan tayi yana wajen wata uku a ciki, suna kammala kafin wata na shida, kuma saboda sifarsu ba ga gado kaɗai ta dogara ba, har da yanayin girman fatar da matsin da take samu a mahaifa, ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, waɗanda uwarsu ma kan rikice a kansu, zanensu ya sha bamban. Tushen zanen yana can ƙarƙashin fatar da muke gani, don haka ƙuna ko ƙujewa ta sama ba ta sauya shi, idan ta warke sai ya komo yadda yake. Wani shahararren ɗan fashin Amurka, John Dillinger, ya sa an ƙona masa kan yatsu da ruwan guba a 1934 don ya ɓatar da kama, amma da aka harbe shi a shekarar nan aka duba gawarsa, sai aka tarar ragowar layukan sun isa a gane shi. Masu tafsiri na wannan zamani sukan tsaya a kan ayar Suratul Ƙiyama wadda ta ambaci ikon Allah na daidaita gaɓoɓin yatsu ranar tashi, ko da yake magabata, a bisa abin da suka sani, sun fassara ta da ƙanƙantar ƙasusuwan yatsu da wuyar harhaɗa su.

Sifofin zanen manya guda uku ne. Akwai wanda layukansa ke shigowa ta gefe su ɗan yi tozo su fita ta ɗaya gefen, mu kira shi baka, shi ne mafi ƙaranci, bai fi biyar cikin ɗari ba. Akwai wanda layukan ke shigowa su lanƙwaso su koma ta inda suka fito, mu kira shi madauki, shi ne ya fi yawa, sama da sittin cikin ɗari. Akwai kuma wanda ke nannaɗewa a tsakiya kamar gammon ɗaukar tulu, wanda ya ɗauki wajen sulusi. Amma ba da waɗannan ake gane mutum ba, domin miliyoyi sun yi tarayya a cikinsu. Ana gane shi ne da ƙananan abubuwa: inda layi ya yanke ya tsaya, da inda ya rabu gida biyu, da inda ya rabu ya sake haɗewa, da tazarar da ke tsakanin kowanne da ɗan'uwansa.

Mutanen Sin sun daɗe suna sa alamar yatsu a takardun ciniki, har masanin tarihin nan Rashiduddin, wazirin sarakunan Mongol a Tabriz, ya ambaci al'adar a Jami'ut Tawarikh a farkon ƙarni na 14. Amma shigar abin cikin aikin hukuma a wannan zamani daga Indiya ya faro, kuma ba ilmi ne ya haife shi ba, rashin yarda ne. A 1858, shekara guda bayan babban boren da ya girgiza mulkin Ingilishi a can, wani matashin jami'i mai suna William Herschel, jikan masanin falakin da ya gano duniyar Uranus, yana aiki a Jangipur ta ƙasar Bangal, ya ƙulla yarjejeniya da wani ɗan kwangila, Rajyadhar Konai, kan kawo kayan gyaran hanya. Da yake ya gaji da masu sa hannu yau su musanta gobe, sai ya sa aka shafa wa mutumin tawada a tafin hannu ya danna a bayan takardar. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa nufinsa ya tsorata ɗan kwangilar ne kawai. Sai dai abin ya shiga ransa, ya riƙa tara zanen yatsun abokai da na kansa, har da ya zama majistare a Hooghly a 1877 ya wajabta dangwale ga masu karɓar fansho, saboda kada wani ya ci gaba da karɓar kuɗin mamaci, da masu rajistar filaye, da fursunoni, saboda kada mai hali ya yi hayar matalauci ya yi masa zaman kurkuku. Babbar hidimar da ya yi wa wannan fanni ita ce haƙurinsa: ya gwama zanen yatsunsa na ƙuruciya da na tsufa, tsakaninsu fiye da shekara hamsin, ya nuna ba abin da ya sauya.

Wanda ya fara tunanin kama mai laifi da zanen yatsa kuwa wani likita ne ɗan Sikotilan, Henry Faulds, da ke aiki a wani asibitin mishan a Tokyo. Ya ga sawun yatsun maginan dā a jikin tsofaffin tukwanen da ake tonowa, ya shiga nazari, a 1880 ya rubuta wa mujallar kimiyya ta Nature cewa sawun yatsa mai jini ko maiƙo da aka bari a wurin ɓarna zai iya nuna wanda ya yi ta. Ya kuma rubuta wa Charles Darwin, shi kuwa, da tsufa ya cim masa, ya miƙa wasiƙar ga ɗan'uwansa Francis Galton. Galton ne ya fitar da littafi sukutum a kan batun a 1892, inda ya ƙiyasta cewa damar yatsu biyu su zo daidai ɗaya ce cikin biliyan 64. Abin dariya a nan shi ne, abin da ya shiga nema daban ne: ya so ya samo a kan yatsa alamar da za ta bambanta jinsi da jinsi, da mai basira da daƙiƙi, ya duba na Ingilishi da na Yahudawa da na baƙar fata da sauransu, bai sami abin da zai kafa hujja da shi ba. Faulds ya rayu har 1930 yana ƙorafin an danne masa haƙƙi, kuma wanda ya auna maganar da adalci zai ga yana da ƙamshin gaskiya.

A shekarar da littafin Galton ya fito ne aka fara kama mai kisa da wannan hujja, ba a Ingila ba, a Ajantina. A garin Necochea aka sami yara biyu an kashe su, uwarsu, Francisca Rojas, da rauni a wuya, tana cewa wani maƙwabcinsu ne. 'Yan sanda suka matsa wa mutumin matuƙar matsi, bai amsa ba. Sai wani sufeto, Eduardo Alvarez, wanda ya san aikin da Juan Vucetich ke yi na tara zanen yatsu a ofishin 'yan sandan La Plata, ya ga sawun babban yatsa da busasshen jini a jikin ƙofa, ya sa zarto ya yanko guntun katakon, ya ɗauki dangwalen matar ya gwama. Da aka nuna mata, sai ta yi iƙirari. Ya kamata a lura da cewa amfanin farko da wannan hujja ta yi shi ne kuɓutar da wanda ba ruwansa.

Saura matsala guda, wadda ita ce ta fi wuya, ko da yake masu ba da labari sukan tsallake ta don ba ta da armashi. Gwama yatsa ɗaya da na mutum ɗaya da ake tuhuma abu ne mai sauƙi. Amma idan an kawo baƙo wanda ya ba da sunan ƙarya, ga katuna dubu ɗari a ajiye, ta ina za a fara? Sunaye ana jera su bisa haruffa, zanen yatsa fa? Saboda wannan ne 'yan sandan Turai suka fi karkata ga hanyar Alphonse Bertillon na birnin Paris, wadda ake auna tsawon kai da faɗinsa da kamu da ƙafa da sauran gaɓoɓi, a jera katunan bisa awo, duk da cewa ma'aikata biyu kan auna mutum ɗaya su sami lissafi biyu. An warware matsalar ne a Kalkata, a ofishin Edward Henry, shugaban 'yan sandan Bangal, kuma mafi yawan aikin hisabin wasu ƙananan jami'ai biyu 'yan ƙasa ne suka yi shi, Azizul Haque da Hem Chandra Bose. Dabarar ita ce a ba yatsu goma lamba daga babban yatsan dama zuwa ƙaramin hagu, a raba su biyu-biyu gida biyar, a kuma yi tambaya ɗaya tak ga kowane yatsa: mai nannaɗe ne ko kuwa? In ba shi ba ne, sifili. In shi ne, a gidan farko yana da daraja 16, a na biyu 8, a na uku 4, a na huɗu 2, a na biyar 1. Sai a tara darajar yatsu masu lambar cika a ƙara ɗaya a rubuta a sama, a tara ta masu lambar mara a ƙara ɗaya a rubuta a ƙasa. Wanda ba shi da nannaɗe ko ɗaya zai faɗa 1 bisa 1. Wanda babban yatsansa na dama kaɗai ke da shi, 1 bisa 17. Wanda duk goman haka suke, 32 bisa 32. Talatin da biyu sau talatin da biyu ya ba da gurbi 1,024, kowane mahaluki a duniya da gurbinsa, kuma magatakarda na iya zuwa kai tsaye ya zaro 'yan katunan da zai duba. A 1897 gwamnatin Indiya ta karɓi tsarin, a 1901 aka buɗe ofishinsa a Scotland Yard ta Landan, har yau kuma sunan Henry yake ɗauke da shi. Su Haque da Bose sai daga baya aka sallame su da laƙabin girmamawa da 'yar kyautar kuɗi.

A Bangal ɗin nan aka yi wata shari'a wadda, a ganina, ta fi dukkan waɗanda suka biyo bayanta cancantar nazarin ɗaliban shari'a. A 1897 aka sami manajan wata gonar shayi a lardin Jalpaiguri an yanka shi a ɗakinsa, an fasa akwatinsa an kwashe kuɗi, a cikin akwatin kuma ga wani ɗan littafin kalanda da tabon jini mai ɗauke da sawun yatsa. Da aka bincika katuna sai sawun ya dace da na wani tsohon baransa, Kangali Charan, wanda aka taɓa ɗaurewa kan sata. A 1898 kotu ta same shi da laifin sata, amma ta ƙi kama shi da laifin kisa, bisa dalilin cewa sawun ya tabbatar da hannunsa ya shiga akwatin, bai tabbatar da hannun nan ne ya riƙe wuƙar ba. Wasu marubuta suna ɗaukar wannan a kan tsoron sabon abu ne irin na alƙalan lokacin. Ni kuwa ina ganin tsantseni ne irin wanda fuƙaha'u suka yi wasiyya da shi, da suka ce ana tunkuɗe haddi da shubuha, suka kuma bambanta alamar da ke halatta tuhuma da tsarewa da hujjar da ke halatta zubar da jini. A mazhabar Maliku, ganin mutum kusa da gawa da jini a jikinsa lausu ne, wato ƙaƙƙarfan zato da ke buɗe ƙofar ƙasama, rantsuwa hamsin, ba hukuncin kisa kai tsaye ba.

Wannan tsantseni bai daɗe ba. A 1905 aka rataye wasu 'yan'uwa biyu, Alfred da Albert Stratton, kan kisan wani tsoho mai tsaron kantin fenti da matarsa a unguwar Deptford ta Landan, kuma abin da ya fi nauyi a shari'ar shi ne sawun babban yatsan Alfred a jikin akwatin kuɗi. Daga nan jama'a suka sallama. Marubuta ƙagaggun labarai ma sun taimaka: tun 1894 Mark Twain ya gina littafinsa Pudd'nhead Wilson a kan lauyan da ya warware musayar jarirai da kisan kai ta zanen yatsa. Amma adabin nan shi ne kuma ya fara yin gargaɗi, domin a 1903 Conan Doyle ya rubuta labarin Sherlock Holmes inda wani mugu ya kwafi yatsan abokin gabarsa daga kakin hatimi ya manna shi da jini a bango.

Masu mulkin mallaka kuwa sun ga wata fa'ida dabam, ta ƙidaya talakawa da tsare su. A 1906 hukumar Transvaal ta Afirka ta Kudu ta fito da dokar da ta tilasta wa Indiyawa rajista da dangwalen yatsu goma, abin da suka sani a ƙasarsu ana yi wa masu laifi ne, kuma a kan wannan doka Gandhi ya fara gwagwarmayarsa ta ƙin biyayya ba tare da tashin hankali ba, har a 1908 aka tara takardun rajistar aka cinna musu wuta a harabar masallacin Hamidiyya na Johannesburg. A Kenya an rataya wa mazaje 'yan ƙasa wani ɗan gwangwani a wuya, kipande, mai ɗauke da takardar dangwalensu da sunan wanda suke yi wa aiki. Mu a yau mun saba da abin har ba ma jin komai: da shi ake buɗe asusun banki, da shi ake karɓar katin ɗan ƙasa, da shi na'ura ke tantance mai zaɓe, sai fa idan aka zo kan tsohon manomi ko mai wankau wanda aiki ya cinye masa layukan, a yi ta goga yatsa a riga ana sake dannawa, layi na ƙara tsawo a rana.

Dangwalen ofis, wanda ake ɗauka a natse, yatsa a wanke, abu ne daban da sawun da ake ɗagowa daga wurin laifi. Wannan na biyu gumi ne da maiƙo da ba a gani sai an barbaɗa masa hoda da lallausan buroshi ko an turara shi da sinadari, kuma galibi guntu ne, a goge, a murɗe, wani lokaci bisa wani sawun. Kwamfuta tana iya zaƙulo 'yan katunan da suka fi kusa daga cikin miliyoyi, amma mai cewa wannan shi ne wannan mutum ne, da idonsa da zuciyarsa. A ranar 11 ga Maris 2004 aka tayar da bama-bamai a jiragen ƙasa a Madrid, mutum 191 suka halaka, aka kuma sami guntun sawun yatsa a jikin wata leda mai ɗauke da kayan tayar da bam. Hukumar bincike ta Amurka, FBI, ta sa shi a na'urarta, gwanayenta uku suka haɗu a kan cewa na wani lauya ne a jihar Oregon, wanda ya musulunta, har gwanin da kotu ta naɗa ma ya goyi bayansu. 'Yan sandan Sifen suka ce ba su gamsu ba, ba a saurare su ba. Bawan Allah ya taka sawun ɓarawo, ya yi mako biyu a tsare, kafin Sifen ta bayyana cewa sawun na wani mutumin Aljeriya ne. Hukumar FBI ta nemi gafara, daga baya gwamnatin Amurka ta biya lauyan diyyar dala miliyan 2.

Wani masanin halayyar ƙwaƙwalwa, Itiel Dror, shi da abokan aikinsa, suka yi wani gwaji da aka buga a 2006, wanda ya fi wancan kuskuren tayar da hankalin masu fannin. Suka sami gwanaye biyar, suka miƙa wa kowanne sawu biyu da shi da kansa ya taɓa tabbatarwa a wata shari'a ta baya cewa na mutum ɗaya ne, amma ba su gaya masa haka ba, suka ce masa waɗannan su ne na shari'ar Madrid da aka yi kuskure a kansu. Uku suka ce sawun ba su dace ba, ɗaya ya ce ba zai iya yankewa ba, ɗaya ne kaɗai ya tsaya a kan maganarsa ta farko. Layukan ba su sauya ba, labarin da ya riga su shiga kunne ne ya sauya. Saboda haka wasu ɗakunan bincike suka fara ɓoye wa gwani bayanin shari'ar, su hana shi sanin sunan wanda ake tuhuma ko addininsa ko ya yi iƙirari, su kuma sa ya gama nazarin sawun wurin laifi ya rubuta abin da ya gani kafin a nuna masa katin kowa, sa'an nan a ba wani gwanin ya duba ba tare da ya san abin da na farko ya ce ba. A Sikotilan kuma, bayan wata doguwar taƙaddama kan wata 'yar sanda da aka ce an ga sawunta a gidan da aka yi kisa alhali ba nata ba ne, kwamitin binciken da wani alƙali ya shugabanta ya ba da shawara a 2011 cewa daga yanzu kotu ta ɗauki maganar mai duba zanen yatsa a matsayin ra'ayin gwani, wanda ake yi wa tambayoyi a auna shi, kuma gwanayen su daina da'awar cewa suna da yaƙini ɗari bisa ɗari.